Wayar da ke rage sauti da kanta: Ƙorafin masu sauraro da hujjar likitocin kunne

Akwai wani ɗan gajeren saƙo da ya daɗe yana ɓata wa masu wayoyin zamani rai. Mutum yana tsaka da sauraron labaran safe, ko waƙa, ko saƙon muryar da shugabansa na ofis ya turo masa ta WhatsApp, sai kawai sautin da ke shiga kunnensa ya yi ƙasa alhali bai taɓa komai ba. In ya duba fuskar wayar sai ya tarar da gargaɗi cikin Turanci, wai sauraro da ƙarfi na dogon lokaci yana iya lalata ji. Wasu wayoyin suna jira ya danna alamar amincewa kafin su bari sautin ya sake hawa. Wasu kuwa ba sa neman shawararsa, sai dai su sanar da shi cewa ya cinye kasonsa na mako, su rage da kansu.

Ƙorafin masu wayar iri ɗaya ne ko'ina. Da kuɗinsu suka saya, kunnen ma nasu ne, don haka ba su ga dalilin da zai sa na'ura ta riƙa gindaya musu iyaka kamar yara ba. A Abuja haushin ya fi tsanani ga waɗanda suka mayar da iyafis abokin tafiya: ma'aikatan da ke sammako daga Mararaba, Nyanya, Kubwa, Lugbe, Suleja ko Gwagwalada don su isa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya kafin ƙarfe takwas, da hadiman manyan jami'ai waɗanda sau da yawa aikinsu shi ne su saurari jawabin da aka naɗa daga can ƙarshen zaure, su fitar da shi a rubuce kafin a tashi aiki. Ga irin waɗannan, duk sautin da ya faɗi a tsakiyar jimla sai an koma baya an sake ji, lokaci kuma ba ya jira.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Wayar takan yi kuskure, domin yawanci kintatar ƙarfin sautin take yi daga nesa da kunne. Amma alƙaluman da ta dogara da su sun fito ne daga binciken shekaru masu yawa kan yadda ƙara ke cinye ji. Abin da aka fi mantawa da shi a wannan jayayya kuwa shi ne hayaniyar da ta kewaye mai sauraron, wadda ita ke tura yatsansa zuwa maɓallin ƙara sauti tun farko.

Dokar Turai da ta biyo waya zuwa Najeriya

Damuwar likitoci ta girmi wayar salula. Tun da kamfanin Sony ya fito da ƙaramar rikodar nan ta Walkman a 1979, mutane suka fara yawo da lasifika manne a kunne na awoyi. Faransa na cikin ƙasashen farko da suka ɗauki mataki: a 1996 ta yi dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori idan ƙarfin sautinsu ya wuce desibel 100. Dokar ta nuna tana da haƙora a 2002, lokacin da kamfanin Apple ya janye iPod daga shagunan ƙasar na ɗan lokaci har sai da ya gyara manhajarta ta dace da iyakar. A 2006, bayan wani mutum ya maka kamfanin a kotu a Amurka kan haɗarin kurumta, Apple ya fitar da gyaran da ya ba mai na'ura damar ƙayyade wa kansa iyakar sauti, ya kuma kulle ta da lambar sirri.

Babban sauyi ya zo ne daga Tarayyar Turai. A 2008 kwamitinta na masana kimiyya ya ba da rahoton cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu sauraro suna cikin haɗarin rasa ji na dindindin idan suka shafe shekara biyar suna sauraro da ƙarfi fiye da awa ɗaya a kullum. A 2009 hukumar zartarwar tarayyar ta umarci masu tsara ma'aunan kayan lantarki su fito da ƙa'ida, wadda ta fara aiki a 2013. Ƙa'idar ta ce duk waya ko na'urar kiɗa da za a sayar a can ta zo da iyakar desibel 85. Mai ita yana iya tsallake iyakar zuwa 100 idan ya amince da gargaɗi, amma dole gargaɗin ya dawo bayan kowace awa 20 ta sauraro. Wannan awa 20 ita ce amsar tambayar da mutane da yawa ke yi, ta me ya sa saƙon ke sake bayyana bayan sun riga sun amince da shi makon jiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigo maganar a 2015 da ƙiyasin cewa matasa biliyan 1.1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro da kuma wuraren nishaɗi masu ƙara. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, suka ƙaddamar da ma'aunin da ake kira H.870, wanda ya nemi kowace waya ta riƙa tara lissafin sautin da mai ita ya sha a mako. Apple ya sa wannan tsari a manhajar iOS 14 ta 2020, Google kuma ya sa makamancinsa a Android 14 ta 2023.

Ta hanyoyi biyu wannan tsari ya iso aljihun ɗan Najeriya. Ta farko ita ce wayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Ingila da sauran ƙasashen Turai, waɗanda suka cika kasuwanni irin su Banex a Wuse 2, Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Apple da kansa ya bayyana cewa a wasu ƙasashe da yankuna ba a iya kashe wannan sanarwa saboda doka. Ta biyu kuma, gargaɗin yana cikin tushen manhajar Android wadda wayoyin Samsung, Tecno, Infinix da Itel ke aiki da ita, kuma ya fi wa kamfani sauƙi ya bar shi a duk wayoyinsa da ya riƙa cire shi ƙasa bayan ƙasa.

Lissafin awa 40

Desibel ba ya tafiya kamar mudu ko kilomita, inda biyu ke zama ninkin ɗaya. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin da ke dukan kunne sau biyu. Ƙarin desibel 10 yana ninka shi sau goma, alhali a jin mutum sautin bai wuce ninki biyu ba. A nan ne yaudarar take: yatsa ya ƙara ɗan kaɗan, kunne ya ji bambanci kaɗan, amma nauyin da aka ɗora masa ya yi tsalle.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba babba damar sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75 na awa 40. Ma'aikacin gwamnati ya san awa 40 sarai, domin ita ce makon aikinsa daga Litinin zuwa Juma'a. Daga nan lokacin ke raguwa da sauri. A desibel 85 ya koma awa 12 da rabi. A 90 ya koma awa huɗu, a 95 awa ɗaya da minti 15, a 100 kuma minti 20 kacal a duk mako. Wayoyi da yawa, idan aka kai sautinsu ƙarshe da iyafis mai kyau, suna haura 100.

A ɗauki misalin wanda ke yin awa ɗaya a hanya da safe, awa ɗaya da yamma, iyafis a kunne. Awa goma ke nan a mako. Idan yana sauraro a desibel 80, ko rubu'in kasonsa bai wuce ba. A 86, tafiyar kaɗai ta cinye kason gaba ɗaya, bai bar komai ga taron intanet ko fim ɗin dare ba. A 90, kason ya ƙare ranar Talata da yamma. A 95, ya ƙare tun ranar Litinin, minti 15 bayan ya kamo hanyar gida. Wannan ne lissafin da wayar ke yi a ɓoye, kuma shi ya sa mutum biyu masu waya iri ɗaya, ɗaya ke ganin gargaɗin kusan kullum, ɗayan bai taɓa ganinsa ba.

Ɓarnar da ba ta zuwa da zafi

Sauti yana shiga ta kafar kunne ya kaɗa fatar da ake kira dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta kusan 16,000 masu siraran gashi a kansu, su ne ke mayar da motsi ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana gajiyar da su, idan ta daɗe kuma ta kashe su. Tsuntsaye da kifaye suna sake tofo da irin waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu. Ɗan Adam ba ya yi. Waɗanda aka haife shi da su, da su zai yi rayuwarsa.

Duk wanda ya taɓa fitowa daga wurin biki ya ji kunnensa ya toshe, ko yana masa ƙugi har gari ya waye, ya ɗanɗani matakin farko. Washegari ji yakan dawo, sai a ɗauka shi ke nan. A 2009 masu bincike biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko bayan ji ya dawo daidai a gwaji, wani kaso na mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiyar ji ya tafi ke nan har abada. Tun daga lokacin masana ke nazarin ko irin wannan ɓoyayyiyar ɓarna ce ke sa wasu mutane ji lafiya a ɗaki shiru, amma su kasa kama magana a cikin taro.

Lalacewar ji ta dalilin ƙara takan fara ne daga siraran sautuka. Wasula da karin sautin Hausa, wato hawa da saukar murya, suna can cikin kaurin murya, don haka sukan daɗe ba su taɓu ba. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da c su ne ke fara dushewa. Sai mutum ya ji ana magana, ya ji tashin muryar da faɗuwarta, amma ya kasa bambance fata da sata, ko sara da shara. A taron da ake yi da Turanci, lambobi masu kama da juna irin 15 da 50, ko 16 da 60, su ne ke fara rikicewa. Ga wanda ke rubuta bayanan taron kasafin kuɗi, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Yawanci ba mai matsalar ne ke fara ganewa ba. Iyalinsa ne ke lura talabijin ta yi ƙara, abokan aiki kuma su lura yana yawan cewa a maimaita.

Inda masu ƙorafi ke da gaskiya

Duk da wannan hujja, wayar ba ta kuɓuta daga zargi ba. Babban rauninta shi ne ba ta da ma'auni a cikin kunnen mutum. Abin da ta sani shi ne ƙarfin lantarkin da take turawa ta waya ko ta Bluetooth, sai ta ƙiyasta sautin da zai fito. Ƙa'idar Turai ta ɗauki milibolt 27 a matsayin inda gargaɗi zai fara, milibolt 150 kuma a matsayin ƙarshen abin da waya za ta fitar. Amma lasifikokin kunne ba ɗaya suke ba. Ƙaramin iyafis na iya yin ƙara sosai da ɗan lantarki kaɗan, babban hedifon mai rufe kunne kuma ya buƙaci ninkinsa kafin a ji shi da kyau. Apple ma ya faɗa cewa awonsa ya fi daidaito idan ana amfani da AirPods ko Beats, sauran kuwa ƙiyasi ne. Mafi yawan masu sauraro a Najeriya suna cikin rukunin ƙiyasin.

Na biyu, wayar takan ɗauki duk abin da aka jona mata a matsayin iyafis. Direban da ya haɗa wayarsa da rediyon mota yakan kai sautin wayar ƙarshe, ya riƙa daidaitawa daga rediyon. A lissafin wayar, wannan mutum ya shafe awoyi yana zuba wa kunnensa desibel 100. Sai ta rage sauti yana tsakiyar babban titi, ya kai hannu yana laluben waya, abin da ya fi sautin haɗari nesa ba kusa ba. Ƙorafi kan wannan ya yi yawa har Apple ya ƙara wani zaɓi a iOS 14.4 a watan Janairun 2021, wanda ke ba mutum damar faɗa wa waya cewa abin da ya jona rediyon mota ne, ko lasifika, ko na'urar taimaka wa ji.

Na uku, tsohon tsarin yana duba inda aka kai maɓallin sauti ne kawai, ba ya duba abin da ake saurara. Jawabin da aka naɗa daga nesa yana fitowa a raunane, sai an kai maɓallin ƙarshe kafin a ji shi, kuma ko a hakan abin da ke isa kunne bai kai matakin cutarwa ba. Wayar da ke kan tsohon tsari za ta yi gargaɗi duk da haka. Sabon tsarin tara lissafi ya rage wannan matsala domin yana auna sautin kansa, amma miliyoyin tsofaffin wayoyi ba za su taɓa samunsa ba.

Na huɗu su ne waɗanda jinsu ya riga ya ragu, ko ta dalilin shekaru, ko sanƙarau da ƙyanda tun suna yara, ko magunguna irin su jentamaisin da kwinin da aka san suna iya taɓa kunne. Ga su, iyakar da aka yanka wa mai lafiyayyen kunne tana iya zama katangar da ta raba su da fahimtar magana.

Sakamakon waɗannan kurakurai ya fi haushin muni. Gargaɗin da ke yawan zuwa ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa mutum danna amincewa ba tare da karantawa ba. Wasu su sauke manhajojin ƙara sauti, waɗanda ke tura lasifika fiye da ƙarfinta har sautin ya fashe. Wasu su kai wa masu gyaran waya su nemo hanyar kashe tsarin baki ɗaya. Ranar da gargaɗin ya zo da gaskiya, babu mai kula shi.

Hayaniyar da waya ba ta lissafawa

Da wuya a ga wanda ya kai sautin iyafis ƙarshe a ɗakin da babu motsi. Mutum yana ƙara sauti ne don ya rinjayi abin da ke kewaye da shi. Hirar yau da kullum tana kusan desibel 60. Cunkoson motoci mai tsanani yana kai wa 85, babur kuma 95. Wanda ke cikin bas mai buɗaɗɗun tagogi a gosulon Nyanya, ga oda ta ko'ina, ga kwandasta na kiran fasinja, dole abin da yake saurara ya haura hayaniyar kafin ya fahimce shi. Ba da gangan ya shiga yankin haɗari ba. Titin ne ya kai shi.

Wani abin lura kuma shi ne, wayar tana lissafa abin da ya bi ta cikinta ne kaɗai. Ba ta san da janaretan da ke ruri a bayan tagar ofis ba. Ba ta san da jiniyar ayarin motocin da hadimi ke zama a ciki ba, ko lasifikokin taron siyasa, ko na zauren biki inda sai an yi ihu a kunnen na kusa kafin ya ji. A wayoyin iPhone, ko kiran waya ba ya shiga lissafin, sautin kiɗa da bidiyo da makamantansu kaɗai ake tarawa. Kunne kuwa duka yake haɗawa. Ashe ke nan ga mazaunin gari mai hayaniya, lissafin da yake ganin ya yi masa tsauri sau da yawa ragi ma aka yi masa.

Ba a rasa dokoki ba. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da dokokin ƙayyade ƙara tun 2009, waɗanda suka ware iyaka daban ga unguwannin zama, asibitoci da masana'antu, da rana da kuma dare. A babban birnin tarayya, Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, ita ma tana karɓar koke kan hayaniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni ga wuraren taro da nishaɗi, inda ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100. Sai dai ita waya tana zartar da tata ƙa'idar nan take a cikin aljihu, su kuwa waɗannan sai wani ya kai ƙara, wani jami'i ya zo da ma'auni. Shi ya sa fushin jama'a ke sauka kan wadda ake gani.

Jarin ma'aikaci

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, kuma aikin gwamnati ya tabbatar da hakan ta wata fuskar. Umarnin da ake bayarwa a kan ƙafa tsakanin ofis da mota, raɗar da ake yi wa minista a tsakiyar taro, zaman kwamitin majalisa, tafinta, rubuta bayanan taro, duk da kunne ake yin su. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 25 zai buƙaci jinsa na shekara 35 kafin ya yi ritaya yana da 60, sannan ya buƙace shi bayan nan don jin muryar jikokinsa.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta ambaci lalacewar ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu idan aiki ne ya jawo. Wannan ya fi sauƙin tabbatarwa ga mai aiki a ɗakin injuna ko filin jirgin sama. Wanda ya rasa jinsa sannu a hankali ta iyafis ɗin da ya saya da kuɗinsa zai sha wuya kafin ya nuna cewa aikin ofis ne sanadi.

Magani ma ba a kusa yake ba. Ƙasar tana da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sassan kunne, hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, amma abin da likita zai iya yi wa ƙwayoyin da suka mutu shi ne ya ba da na'urar taimaka wa ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna kashi 17 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar na'urar ke amfani da ita a duniya, kuma nan da 2050 kusan mutum biliyan 2.5 za su kasance da wani mataki na raunin ji. A 2024 ofishin hukumar na Afirka ya ƙiyasta masu matsalar a yankin sun kai miliyan 40, kuma za su iya kai miliyan 54 a 2030. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet kuma ya sa raunin ji a tsakiyar rayuwa cikin manyan abubuwan da ke da alaƙa da cutar mantuwa a tsufa, waɗanda ake iya magancewa tun da wuri.

Abin da ya fi kashe gargaɗin amfani

Mataki na farko shi ne a gyara wa wayar kuskurenta. Mai iPhone ya shiga jerin na'urorin Bluetooth ya nuna wacce ce rediyon mota, wacce ce lasifikar ɗaki, don a daina lissafa su a kan kunnensa. Manhajar Health da ke cikin wayar tana nuna matsakaicin desibel ɗin da mutum ya sha a rana da mako, kuma duba wannan shafi sau ɗaya ya fi gardama da gargaɗi sau goma.

Na biyu shi ne a rage hayaniyar da ke shigowa. Iyafis mai bakin roba da ke toshe kafar kunne da kyau, ko hedifon mai kashe ƙarar waje, yana sa a ji magana sarai a matakin da da can ba a jin komai. Wanda ya saba sa iyafis a kunne ɗaya ya bar ɗayan a buɗe, kamar yadda hadimai da yawa ke yi don kada maigida ya kira ba su ji ba, ya sani cewa hakan na sa shi ƙara sauti fiye da kima, kuma kunne ɗaya ke ɗaukar nauyin. Mai tuƙi da mai tsallaka babban titi kuwa bai kamata su toshe kunnuwansu ba ko kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100 na ƙarshen sautin waya, a kuma riƙa ba kunne hutu. Akwai gwaji mai sauƙi: idan wanda ke tsaye a tazarar hannu ɗaya sai ya ɗaga murya kafin a ji shi, sautin ya yi yawa. Masu naɗar jawabai za su rage wa kansu wahala idan suka ajiye waya kusa da mai magana, ko suka karɓi sautin daga masu kula da lasifikar zauren, sannan su yi rubutun a wuri shiru. Iyaye na iya yanka wa wayar yara iyaka, domin iPhone tana ba da zaɓi daga desibel 75 zuwa 100, Samsung kuma tana ba da damar kulle iyakar da lambar sirri.

Wanda jinsa ya riga ya ragu yana da mafita da ta fi ƙara sauti gaba ɗaya. Wayoyin Apple, Samsung da Google suna da saitunan da ke ɗaga siraran sautukan da suka dushe su bar sauran yadda suke. Akwai kuma manhajar hearWHO ta kyauta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, da ke gwada iya fahimtar lambobi a cikin hayaniya cikin 'yan mintuna. Ƙugin kunne da ya ƙi tafiya, da yawan neman a maimaita magana, dalilai ne na zuwa gwajin ji a asibiti. Ji da ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda kuwa lamari ne na gaggawa da ke son ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Saura abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ma'aikatar da ke sa ma'aikatanta zaman taron intanet na awoyi tana iya saya musu hedifon mai inganci kamar yadda take sayen kujera da kwamfuta, ta nisanta janareta daga tagogin ofis, ta kuma sa gwajin ji cikin binciken lafiyar da ake yi wa ma'aikata. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ke tantance wayoyin da ake sayarwa, da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, suna da hurumin duba irin iyafis ɗin da ke shigowa kasuwa ba tare da wani bayani kan ƙarfinsu ba. Kowace ranar 3 ga Maris ake bikin Ranar Ji ta Duniya, kuma ofisoshin gwamnati da ke Abuja ba su rasa zaurukan da za a kafa teburin gwaji na yini ɗaya ba. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma shi ne zai nuna wa kowane ma'aikaci ko wayarsa ce ke zuzuta lamarin, ko kuwa kunnensa ya riga ya fara biyan bashin hanyar Mararaba.